Katin Kyamara: Mu Haɗa Namu Ko Mu Sayi Na Kanti?

Na san da ganin kan wannan rubutu wasu za su ce, "Ina ruwanmu da katin kyamara, mu da muke fama da kuɗin taki da kuɗin jarrabawa?" To, ku ɗan yi mini haƙuri. Abin da zan yi magana a kansa bai kai akwatin ashana girma ba, amma a gabana ya sa wani dattijo ya share hawaye, ya kusa raba yayana da sana'arsa, ya kuma tayar da gardama a gidanmu wadda har yau ba a ce an gama ta ba. Ni kuwa ina da ɓangare a cikin gardamar, kuma ba zan ɓoye ba: ina tare da masu cewa mu haɗa namu. Sai dai fa akwai sharaɗi, sharaɗin kuwa ya fi haɗawar kanta nauyi.

Yayana mai ɗaukar hoto ne a Kura. Duk inda ake biki ko suna ko taron manoma, tun daga Kadawa har Bunkure, wani lokaci har nan Dawakin Kudu, za ka gan shi a kan babur da jaka a rataye. In an yi hutu ni nake riƙe masa fitila da ƙafar kyamara. Manyanmu sun san zamanin da ake sa fim a kyamara, a ɗauki hoto 36 fim ya ƙare, a kai birni a wanke, a yi ta jira kafin a ga ko an fito da kyau. Yanzu babu fim. Abin da ya maye gurbinsa shi ne ɗan katin nan da muke kira memori, ɗan'uwan wanda ke cikin wayoyinmu. Duk abin da idon kyamara ya gani, cikin katin nan yake zuwa ya kwanta. In kuwa katin ya ci amana, aikin yini guda ya tafi ke nan.

Shekara biyu da suka wuce Yaya ya shiga birni ya sayo sabon kati a cikin kwalinsa, a liƙe, da sunan wani babban kamfani a jiki, an rubuta gigabait 128. Mai kanti ya yi masa rangwame, ya dawo gida yana murna ya yi sa'a. Bai gwada ba, gama me za a gwada a jikin sabon abu? Ranar Asabar muka tafi ɗaurin aure wani ƙauye bayan Bunkure. Muka ɗauki komai, tun daga taron safe da gaisuwar dangi har kai amarya da daddare. Jama'a sun yi yawa, wannan ya ja shi nan, wancan ya ja shi can, bai sami sukunin tsayawa ya waiwayi abin da ya ɗauka ba. Kyamara kuwa ba ta yi ƙorafin komai ba. Sai da muka dawo gida ya sa katin a kwamfuta, sa'an nan muka ga abin da ya same mu. Sunayen hotuna duk suna nan a jere, amma in ka taɓa, babu mai buɗewa sai 'yan kaɗan na safe. Da aka auna katin daga baya, ashe cikinsa bai wuce gigabait 8 ba.

Kashegari Yaya ya ɗauki kuɗin aikin ya koma wurin uban amarya, ni ma na bi shi. Dattijon ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, riƙe kuɗinka. Ba kuɗi na ba ka ba, amana na ba ka. Tsohuwata ce ta ce lalle a ɗauke ta da jikarta, ga shi kuwa ƙafa ta ƙi, ban sani ba ko za ta ga wani bikin." Ba ta kuwa ga wani ba, domin kafin a yanke shinkafar damina ta rasu. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe a zuci duk tsawon maganar da za ta biyo. Gardamar kati ba gardamar samari masu son na'ura ba ce kurum, gardama ce a kan kayan mutane wanda ba a iya maimaitawa.

Domin a gane yadda aka yi wannan zamba, sai a ɗauki kati kamar rumbu ne mai akawu a bakin ƙofa. Rumbun shi ne ƙwayar ajiya, wadda ake kira filash, wadda wani injiniyan kamfanin Toshiba na ƙasar Japan mai suna Fujio Masuoka ya ƙirƙiro cikin shekarun 1980. Akawun kuwa shi ne ɓangaren da ke rubuta inda aka ajiye kowane dami, ya kuma gaya wa kyamara yawan wurin da ya rage. Mazambata sai su sami ƙaramin rumbu mai cin dami 8, su koya wa akawu ya riƙa cewa 128 yake ci. Kana ta miƙa dami, yana karɓa yana rubutawa a littafi, alhali kuwa tun da rumbu ya cika zubarwa yake yi, ko ya danne na farko da na baya. Littafi ya cika da sunaye, rumbu babu kaya.

Yaya ya daɗe ba a kira shi aiki a wannan yanki ba. Da abubuwa suka daidaita, sai ya sayar da tsohuwar kyamararsa da wani maraƙi da yake kiwo, ya sayi wata ta hannu, irin wadda ke ɗaukar bidiyo mai nauyi. Ita wannan ramin kati biyu gare ta. Ɗaya na katin SD ne, wanda kowa ya sani, wanda kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba suka fito da shi a 1999. Ɗayan kuwa na wani sabon kati ne mai suna CFexpress, wanda aka fara shelar sa a 2016, sa'an nan a 2019 aka kasa shi iri uku, watau A da B da C. Na B shi ne wanda manyan kyamarorin Canon da Nikon na zamani suka fi amfani da shi. Dalilin fitowarsa ba wani abu ba ne illa yawan kayan da kyamarorin yau ke zubarwa. Ɗauki Canon R5, wadda ta fito a 2020: in ta ɗauki bidiyo a mataki mafi nauyi da take iyawa, tana zuba fiye da megabait 300 kowace daƙiƙa, watau kusan gigabait 19 a minti ɗaya. Ka ce katin SD na yau da kullum ya haɗiye wannan, kamar ka ce za ka juye babbar hanyar ruwan Tiga cikin tiyon ban ruwa ne.

Da Yaya ya ji kuɗin wannan kati sai ya riƙe baki. Guda ɗaya mai ɗan girma ya tasam ma kuɗin buhunan shinkafa, ga shi kuwa maraƙi ya riga ya tafi. A nan ne ɗan karance-karancen da nake yi ya yi rana. Na gano cewa katin CFexpress irin na B, in ka cire masa riga, ba wani abu ba ne sai irin ma'ajiyar nan da ke cikin kwamfutar hannu, wadda ake kira SSD. Hanya ɗaya suke bi, harshe ɗaya suke ji: hanyar ana ce da ita PCIe, harshen kuma NVMe. Akwai ƙaramin SSD da ake yi wa laƙabi da 2230, saboda faɗinsa milimita 22 ne, tsawonsa milimita 30. Shi kuwa katin kyamarar, tsawonsa ya ɗan haura milimita 38, faɗinsa kusan 30, kaurinsa bai kai 4 ba. Ka ga ke nan ƙaramin zai iya kwanciya cikin babban. Da wasu 'yan kasuwa suka lura da haka, sai suka shiga ƙera kwanson kati na alminiyam, babu rumbu babu akawu a ciki, sai ɗan siririn allo mai haɗa baki da baki. Ka sayi kwanso, ka sayi SSD, ka zura shi, ka shimfiɗa masa ɗan lallausan abin nan mai janye zafi, ka rufe, ka murɗa 'yan kusoshi da ƙaramar sukundireba. Ba walda, ba darma, ba ya cin minti goma. A lokacin da muka yi lissafi, kuɗin biyun a haɗe bai kai na katin kanti mai girma ɗaya da shi ba ko kusa.

Kada a ce mu ne muka fara wannan dabara, ko kuwa talauci ne kaɗai ke kai mutum gare ta. Tun a 2004 masu hoto a Amurka da Turai suka gano cewa wata 'yar na'urar jin waƙa ta kamfanin Creative, mai suna MuVo2, tana ɗauke da ma'ajiyar gigabait 4 irin wadda ke shiga kyamarorinsu. Na'urar gaba ɗayanta kimanin dala 200 ce, ita kuwa ma'ajiyar in an saye ta ita kaɗai kusan dala 500. Sai suka yi ta sayen na'urar suna farke ta suna cire abin da suke so. Ashe son rangwame ba shi da ƙabila.

Babanmu manomi ne a filin ban ruwa, kuma bai yarda da abin da bai ga amfaninsa a gona ba. Da yake Yaya ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunansa. Da ya ji abin da muke ƙullawa sai ya ce, "Kai wannan yaron, ba ka daddara ba? Na kanti mai kwali ya kunyata ka a gaban mutane, yanzu kuma na ƙaninka za ka kai musu? Araha fa ba ta ado." Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, wancan ban ga cikinsa ba. Wannan kuwa da idona zan ga abin da aka sa." Baba ya ce, "Iri ma da ido ake sayensa, ya kuma ƙi tsiro." Na so in tanka, amma ba a sa baki in manya na magana. Na riƙe kalmar dai, za ku ga inda ta dawo.

Yanzu sai in faɗi nawa laifin, domin mai ba da shawara bai kamata ya ɓoye tuntuɓensa ba. Mun sami SSD na hannu wanda aka ciro daga wata matacciyar kwamfuta, muka aika aka kawo kwanso, muka haɗa. Kyamara ta karɓa. Muka ɗauki hoton awakin gida guda goma, duk suka fito, na ce an ci nasara. Wannan shi ne dukkan gwajin da muka yi. Cikin watan Afrilu wata ƙungiyar manoma ta kira Yaya ya ɗauki girbin alkama a wajen Kadawa. Kun san ranar Afrilu a ƙasar Kano, wadda takan haura digiri 40. Ba a yi nisa da bidiyo ba sai kyamara ta tsaya cak. Ya sake kunnawa, ta ɗan yi, ta sake tsayawa. Da ya zaro katin sai ya kusa yar da shi, zafi kamar dutsen guga. Sa'armu ɗaya, girbi ba ɗaurin aure ba ne, gobe ma ana yi. Ya koma kan katin SD, ya rage nauyin bidiyon, aka gama aiki. Da muka ba Baba labari bai ce uffan ba, sai ya ci gaba da wasa laujensa yana murmushi. Da ma zagi ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na zauna na bi diddigin abin da ya faru, na sami dalilai waɗanda duk mai son haɗa kati ya kamata ya sani. Yawancin SSD suna da wani abu kamar zaure a bakin rumbu. In kaya suka zo, sai a fara jibge su a zauren da sauri, daga baya a riƙa shigar da su ciki sannu a hankali. Saurin da ake rubutawa a jikin kwali saurin zaure ne. Aikin kwamfuta na yau da kullum bai cika cika zauren ba, amma bidiyo ba ya tsagaitawa, da zaure ya cika kuwa sai sauri ya faɗi warwas, kyamara ta rasa inda za ta zuba, ta tsaya. Ga kuma zafi. A cikin kwamfuta akwai sarari, sau da yawa har da fanka, amma a cikin kyamara an cusa shi a ɗan rami babu iska. Shi kuwa SSD an gina shi ne in ya ji zafi ya yi yawa ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Har ila yau wasu SSD sun fi jan wuta fiye da abin da ramin kyamara ke iya bayarwa, su shanye batir, wani lokaci ma kyamara ta ƙi ganinsu. Namu ya haɗa zaure ƙarami da saurin ɗaukar zafi.

To, a nan tilas in ba masu cewa a sayi na kanti haƙƙinsu, domin maganarsu ba banza ba ce. Kamfanin da ke yin katin gaske ya zaɓi rumbu da akawu saboda aikin kyamara, ya daidaita wutar da suke sha, ya gwada su cikin kyamarori iri iri. In ka ga alamar VPG400 a jikin katin CFexpress na gaske, alkawari ne cewa saurin ajiyarsa ba zai faɗi ƙasa da megabait 400 a daƙiƙa ba, kamar yadda V30 a jikin katin SD ke nufin ba zai gaza megabait 30 ba. Katin da ka haɗa a ɗaki ba wanda ya yi maka wannan alkawari. Bugu da ƙari, in kwanso ya yi kauri ko kusa ta ɗago, kati yana iya maƙalewa a rami, gyaran ramin kuwa ya fi kuɗin kati nesa ba kusa ba. Su kansu masu ƙera kyamara katunan da suka gwada kaɗai suke lissafawa, naka ba ya ciki. Duk wannan gaskiya ne.

Amma fa a dubi inda muke zaune. Alkawarin da ke jikin kwali yana da amfani ne ga wanda ya tabbata kwalin na gaske ne. Wanda ya iya koya wa akawu ƙarya, buga tambari a takarda zai gagare shi? Ana kuma yawan cewa na kanti yana da garanti. Ina tambaya, mutumin Kura nawa ne ya taɓa mayar da kati ga kamfanin da ya yi shi a ƙasar waje aka musanya masa? Ko da an musanya, sabon kati za a ba ka, ba za a ba ka hoton tsohuwar nan da jikarta ba. Shi kuwa wanda ya haɗa da kansa, ya riƙe rumbun a hannunsa kafin ya rufe. Ya karanta sunan kamfani da lambar samfuri, ya bincika ko irinsa yana jure dogon aiki. Yana iya sa shi a kwamfuta ya buɗe littafin da SSD ke rubuta wa kansa, da manhaja kamar CrystalDiskInfo, ya ga sa'o'in da ya yi yana aiki da yawan kayan da aka taɓa zuba masa, kamar mai sayen sa da ke buɗe baki ya dubi haƙori. Ban ce babu jabun SSD ba, akwai su, amma abin da kake iya buɗewa ya fi wuyar yi maka ƙarya. In kuma kwanso ya lalace, sai ka kwance ka ciro rumbun ka karanta shi a wani wuri. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Maganar kuɗi kuwa ba zan tsaya a kanta da yawa ba, domin farashin waɗannan kaya hawa da sauka yake kamar na tumatir a Kwanar Gafan. Ranar da za ka saya, ranar za ka yi lissafi. In ka tarar bambancin kaɗan ne, kana kuma da dillalin da ka amince da shi, sayi na kanti, ba wanda zai zarge ka.

Ga inda kalmar Baba ta dawo. Ku lura, kati biyu suka kunyata mu, ɗaya na kanti, ɗaya haɗin gida. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: ba mu gwada ko guda ba. Shi kuwa Baba, da ya ce iri yakan ƙi tsiro, me yake yi a kai? Duk shekara kafin ya zuba irin shinkafa, ko FARO 44 ce da manoma ke kira sipi wadda ya sayo a ɗinkakken buhu, ko wadda ya ware daga girbinsa, sai ya ƙirga ƙwaya ɗari, ya shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma, ya rufe, ya riƙa yayyafa ruwa. Bayan kamar mako guda ya buɗe ya ƙirga waɗanda suka tsira. Ba ya tambayar buhu, ba ya tambayar mai sayarwa, tsumma yake tambaya. Mutumin da ya fi kowa ƙin katina, shi ne ya koya mini yadda zan gyara shi.

Kati ma yana da nasa tsumman. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda aka yi don wata mujallar kwamfuta ta ƙasar Jamus. Aikinta ta cika kati maƙil da kaya tun daga farko har ƙarshe, sa'an nan ta koma ta karanta kowane dami ta ga ko abin da ta ajiye shi ta tarar. Akawu maƙaryaci ba ya tsira daga gare ta. Tana kuma nuna saurin aikin tana tafe, don haka in zaure ya cika sauri ya faɗi, da idonka za ka gani. Da mun yi wa katin Bunkure wannan, da tun daren Juma'a asirinsa ya tonu.

Da muka sake haɗa na biyu, da wani SSD dabam wanda muka bincika sosai, ba mu yi gaggawa ba. Ya fara wucewa ta hannun manhajar nan. Sa'an nan muka kafa kyamara a tsakar gida da azahar, cikin rana, muka bar ta tana ɗaukar bango har kati ya cika, muka goge, muka sake, har sau uku. Mama har tana tambaya ko bangon ne zai yi aure. Bayan haka Yaya ya yi wata guda ba ya kai shi sai aikin da za a iya maimaitawa, irin su gona da shago da tallar kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau shi yake aiki da shi, bai kuma taɓa tsayawa ba. Duk da haka, in ɗaurin aure ne ko suna, Yaya yakan umarci kyamara ta ajiye kowane hoto a katin biyu lokaci ɗaya, haɗin gida da katin SD na kanti wanda shi ma aka gwada. Ba ya kuma goge kati sai ya kwafe kayan a wuri biyu. Baba yana nan a kan bakansa, yana cewa ai na kantin ne ke tsaron nawa. Ni kuwa na ce kowanne yana tsaron ɗan'uwansa. A nan muka tsaya.

Ina da wata magana ta musamman ga 'yan'uwana ɗalibai, domin na san halinmu, da mun ɗaura kusa biyu sai mu fara kiran kanmu injiniyoyi. Haɗawa ba ƙerawa ba ce. Ƙwayar da ke cikin katina an yi ta ne a masana'antun da ba su fi a ƙirga ba a duniya, irin na Kioxia a Yokkaichi ta Japan, da na Samsung da SK hynix a Koriya ta Kudu, da na Micron a Singafo, da na YMTC a Wuhan ta ƙasar Sin. Babu irin wannan masana'anta a Nijeriya. Abin da na yi bai wuce sa wa ƙwayar wani riga ba. Amma kada wannan ya sa mu raina shi. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ba manomi ne ya gina ta ba, ba kuma zai iya ba. Amma fangalin da ruwan ke shiga, shi ya tsara shi da fartanyarsa, ya san inda ya yi tudu da inda ya yi kwari. Manomin da ya ce tun da bai iya gina madatsa ba, sai a zo a yi masa fangali, wannan ba zai ci shinkafa ba. Dubi samarin da ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre a birni. Ba su ƙera ko waya ɗaya ba, amma buɗe ta da suka yi ba tsoro, shi ke ciyar da gidaje masu yawa. Da Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ba don a sami ƙarin masu sayen kaya a kwali aka buɗe su ba. Garinmu Kura ma, da baƙin rawanin ɗan Kura wanda Buzaye ke nema har Agadas aka san shi, watau da abin da hannu ya sarrafa.

Ya ku iyayenmu, na san mafi yawanku ba za ku taɓa riƙe katin CFexpress ba, kuma ba na ce ku nema ba. Katin da ke hannunku shi ne ɗan mitsitsin memorin waya, wanda ake kira microSD. Shi wannan ba a haɗa shi a gida, domin rumbunsa da akawunsa a narke suke cikin jiki ɗaya. Iyakar abin da ake yi shi ne a zura shi cikin rigar SD a sa a kyamara, ita ma rigar in ta tsufa bakinta yakan saki, musamman da ƙurar hunturu. Saboda haka ku kam tilas na kanti za ku saya, kuma ku ne mazambata suka fi hari. A cikin irin wannan ɗan abu ne hoton kakanninmu yake, da muryar 'yan'uwa da ke nesa, da hoton takardun gona. In ɗanku ya ce a ba shi tsohuwar kwamfuta ko mataccen rediyo ya kwance, kada ku ce ɓarna zai yi. Ku ba shi, amma ku sa masa dokar Baba: abin da ya haɗa ba zai taɓa kayan mutane ba sai ya wuce ta tsumma.

Na roƙi malaminmu na kimiyya ya ba mu aron kwamfuta ɗaya da yamma sau ɗaya a mako, ya kuwa amince mu fara zango mai zuwa. Duk ɗalibin da ke da memori, nasa ko na gida, sabo ko tsoho, ya zo da shi in an dawo hutu mu auna. Sai dai ya kwashe abin da ke ciki ya ajiye a wani wuri tukuna, domin gwajin yana bukatar kati wanda babu komai a cikinsa. Ya kuma zo da haƙuri, gama mai gigabait 128 yakan ci sa'o'i kafin a gama cika shi a karanta.